Gargaɗi: Jabun Hatimin Kamfanin Royal Niger a Jikin Tsofaffin Kan Sarki

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga 'yan'uwa masu tara tsofaffin kan sarki da takardun kamfanonin zamanin Turawa, musamman sababbin shiga. Ana tallar kan sarkin Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya a WhatsApp da Facebook da shafukan gwanjo, ɗauke da hatimi mai tawada shunayya, a ce na kamfanin Royal Niger ne, an buga shi a Lakwaja ko Burutu ko Akassa, garuruwan yankin Kogin Kwara. Shi kan sarkin sau da yawa na gaske ne. Hatimin ne jabu, kuma saboda hatimin ake karɓar kuɗinku.

Ga inda ribar ɗan damfara take. Kan sarkin kwabo ɗaya mai launin malmo da Ingila ta fitar a 1881 ya yi shekara ashirin ana amfani da shi, an buga biliyoyinsa, har yau dillalai na sayar da shi a ɗaure kamar goro, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma in aka tabbatar an yi amfani da wannan kan sarkin a bakin Kogin Kwara ƙarƙashin kamfani, farashinsa sai ya ninka ba adadi. Bambancin duka bai wuce ɗan tabon tawada ba. Abin da ya ƙara sauƙaƙa wa mazambata shi ne hatiman kamfanin na asali ma na roba ne. Duk mai sassaƙa hatimi a bakin titi zai iya yanka irinsa in an ba shi hoto, tawadar shunayya kuwa tana nan a kowane shagon kayan ofis.

Maganin farko, kuma mafi araha, shi ne sanin tarihin kamfanin. George Goldie ya haɗe kamfanonin Birtaniya da ke ciniki a Kogin Kwara a 1879 da sunan United African Company. A 1882 sunan ya koma National African Company. A 1886 gwamnatin Birtaniya ta ba shi takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, yana ciniki, yana karɓar kuɗin fito, yana da sojojinsa, waɗanda suka yaƙi Bida da Ilori a 1897. Izinin ya ƙare ranar 31 ga Disamba 1899, washegari Lugga ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja. Daga nan kamfanin ya koma ɗan kasuwa zalla da sunan Niger Company, Lever Brothers suka saye shi a 1920, sannan a 1929 aka haɗa shi da African and Eastern Trade Corporation aka sami United Africa Company, wato UAC ɗin da iyayenmu suka sani. Ku lura da harafi guda: na 1879 African ne, na 1929 Africa ne, kuma shekara hamsin ce tsakaninsu. Mai yin jabu yakan cakuɗa su.

Kamfanin bai taɓa buga kan sarki nasa na kansa ba. Na Ingila yake sayarwa a ofisoshinsa, kuma ofisoshin da aka san hatimansu guda huɗu ne: Akassa, wadda ta fara tun ƙarshen shekarun 1880, sai Burutu wajen 1896, sai Lakwaja da Abutshi ta kusa da Onica, su biyun a 1899. Ke nan hatimin Lakwaja watanni kaɗan ya yi yana aiki kafin kamfanin ya sauka daga mulki. Shi ya sa yake da wuyar samu, shi ya sa kuma ake yin jabunsa. Wanda ya nuna maka hatimin gidan wayan Lakwaja mai kwanan watan 1893 ko 1896, ba sai ka ɗauko gilashi ba, magana ta ƙare. Haka wanda ya zo da hatimin gidan wayan kamfanin mai sunan Kano ko Sakkwato ko Zariya. Kano ba ta shiga hannun Turawa ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris na shekarar, lokacin kamfanin ya yi shekara uku da ajiye mulki. Irin wannan hatimin ana ƙirƙirarsa ne don an san zuciyar ɗan Arewa za ta karkata ga sunan garinsu.

Akwai wata ƙa'ida da sababbin shiga ba su cika sani ba. A shekarun farko, har zuwa wajen 1895 da 1896, ma'aikacin Akassa ba ya buga hatimi a kan kan sarkin. A gefe yake bugawa, a jikin ambulan, sai wasiƙar ta isa Ingila sannan gidan wayan can ya soke kan sarkin da nasa hatimin. Saboda haka shaidar wasiƙar Akassa ta 1890 tana jikin ambulan ɗin ne baki ɗaya. Kan sarki tsura, wanda aka ɓanɓare, mai hatimin Akassa na 1889 ko 1891 ɗaram a fuskarsa, abin tuhuma ne tun kafin a taɓa shi.

Sai girman hatimin. Ƙaramin kan sarkin Ingila faɗinsa kusan milimita 20 ne, tsawonsa kusan 24. Hatimin Burutu akwati ne mai kusurwa huɗu, da cikakken sunan kamfanin a rubuce, THE ROYAL NIGER COMPANY CHARTERED & LIMITED, da kwanan wata da sunan gari. Wani daga cikin na Akassa yana da THE NIGER TERRITORIES a sama. Na Lakwaja mai siffar ƙwai ne. Dukkansu sun fi kan sarki guda faɗi, don haka abin da ke faɗowa a kan sarki tsura ɓangare ne kawai, wataƙila haruffa huɗu ko biyar da gefen layi. Mai jabu ya san rabin kalma ba ta jan mai saye, sai ya ƙanƙantar da hatimin don sunan gari da shekara su shige tsaf a tsakiya. In ka ga komai ya fito cif a cikin kan sarki ɗaya, a karance, a miƙe, to kyan ya yi yawa. Sa rula mai milimita ka auna tsawon haruffan da tazarar layukan, ka gwada da hoton da ke cikin kundin farashi na Stanley Gibbons, a sashen da ya jera kan sarkin Ingila da aka yi amfani da su a yankin kamfanin.

Daga nan a duba ko kan sarkin da kwanan watan sun yi zamani ɗaya. Jerin da ake kira Jubilee ya fito a 1887. A cikinsa na rabin kwabo ja ne mai ruwan lemo, bai koma kore ba sai Afrilun 1900. Don haka koren rabin kwabo mai kan Sarauniya da hatimin 1898 ko 1899 abu ne da ba zai yiwu ba. Na sule ɗaya mai launi biyu, kore da ja, shi ma na 1900 ne. Duk kan sarkin Ingila mai hoton Sarki Edward na Bakwai daga 1902 ya fara. Watannin farko na 1900 suna da ɗan sarƙaƙiya, domin kan sarkin Arewacin Najeriya na farko a cikin shekarar ya iso, kuma kayan aikin da aka gada ba rana ɗaya aka daina amfani da su ba. Abin da ya faɗo a wannan tsakanin a bar wa ƙwararru su yanke hukunci, kada a saya da ka.

Yanzu a zo ga duba na kusa. Kayan aikin ba su da tsada: gilashin ƙara girma mai ninki goma, ɗan hantsaki marar kaifi, baƙin faranti, da fitilar nan mai shuɗin haske da ake gane jabun kuɗi da ita. Mai jabu ba ya son ɓata sabon kan sarki mai ɗanko a baya, don sabon ma yana da daraja. Abin da yake nema shi ne wanda aka taɓa liƙawa a rasit aka soke da alƙalami, tunda na kwabo ɗayan nan an halatta shi ga wasiƙa da kuma harajin takardu, rubutun da ke jikinsa ma ya faɗi haka. Sai ya wanke rubutun alƙalamin da sinadari, ya buga hatiminsa daidai inda tabon yake don ya rufe. Sai dai da gangan aka buga waɗannan kan sarkin da tawada mai saurin zuba, don a hana irin wannan wankin. Wanda aka wanke za ka ga launinsa ya koɗe, koren da ke wasu daga cikin jerin Jubilee yakan koma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Kashe fitilar ɗaki ka haska shi da shuɗiyar fitilar: sawun alƙalamin da ido ba ya gani zai fito kamar inuwa a ƙarƙashin hatimin. Juya bayansa ka karkata shi ga hasken taga, sau da yawa za ka ga kwarmin da bakin alƙalamin ƙarfe ya bari.

Wasu ba sa ma wahalar yanka roba, na'urar buga takarda suke sa wa. A ƙarƙashin gilashi, bugun na'ura mai fesa tawada yana fitowa ɗigo-ɗigo, har da 'yan ƙwayoyin ja da shuɗi a gefen haruffa. Na mai garin hoda kuwa yana zaune a saman takarda yana ƙyalli. Hatimin roba na gaske tawadarsa takan taru a gefen harafi ta yi sauƙi a tsakiya, wani gefen ya fi wani nauyi saboda hannu ne ya danna. In mai sayarwa yana da guda biyar ko goma, jera su ka duba. Kwanan wata ɗaya, karkata iri ɗaya, tabo a wuri ɗaya a kan kan sarki daban-daban, wannan aikin zama ɗaya ne a kan tebur ɗaya.

Ambulan cikakke ya fi tsada, don haka shi ma ana haɗa shi. A nan abin dubawa ya fi yawa, kuma nan ne ƙarya ta fi saurin tonuwa. Hatimin da ya soke kan sarki ya kamata ya hau rabi a kansa rabi a jikin ambulan, layin ya ci gaba ba tare da karyewa ba, har da ɗan gurbin da kaurin kan sarkin ke bari a daidai haƙoransa. Bayan ambulan ya kamata a sami hatimin isowa na Liverpool ko Landan ko garin da aka aika. Jirgin ruwa ne ke ɗaukar wasiƙun, tafiyar makonni ce, don haka wasiƙar da ta bar Burutu ta isa Ingila cikin kwana takwas ko goma ba ta bi ta teku ba. Kuɗin da aka liƙa shi ma ya yi daidai da na lokacin: kwabo biyu da rabi shi ne kuɗin wasiƙar ƙetare mai nauyin rabin oza a mafi yawan shekarun 1890, kafin tsarin kwabo ɗaya tsakanin ƙasashen daular Birtaniya ya fara ranar 25 ga Disamba 1898. Takardar kanta a haska ta. Takardun zamani ana zuba musu sinadarin ƙara fari tun shekarun 1950, shi ke sa su walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar, tsohuwar takarda kuwa dishi-dishi take zama. Jiƙa takarda a ruwan shayi yana ba ta launin tsufa, amma launin yakan bazu bai ɗaya har cikin ninki, alhali tsufan gaske ya fi kama gefuna da inda hannu da iska ke taɓawa. Adireshin da aka rubuta da biro ya kashe maganar, domin biro bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1940.

Wannan zambar ba a hatimin Royal Niger kaɗai ta tsaya ba. Tana taɓa kan sarkin da kamfanoni ke hudawa da haruffan sunansu, wanda masu tarawa ke kira perfin. Joseph Sloper ne ya yi rajistar na'urar hudawar a 1858, gidan wayan Ingila ya amince da ita a 1868. Dalilin kuwa sata ce: a lokacin ana iya mayar da sabon kan sarki gidan waya a karɓi kuɗi, sai yaran ofis suka riƙa ɗiba, wanda aka huda kuwa ba a karɓarsa. Mafi yawan perfin ba su da tsada ko kaɗan, kada wani ya ruɗe ka da cewa huda kawai ta sa abu ya zama na musamman. Wanda ake jabunsa shi ne na kamfanin da ke da suna a tarihi. Na'urar gaske tana yanke takardar ne ta fitar da ɗan guntu, ramukan su fito zagayayyu, girmansu ɗaya. Allura kuwa ture takardar take yi, sai ka ga ɗan tudu a bayan kowane rami. Sannan kamfani yana hudawa ne kafin a liƙa a aika, don haka tawadar gidan waya takan ɗan shiga bakin ramin, in kuma yana jikin ambulan har ta ratsa ta taɓa ambulan ɗin. Ramin da ya ratsa baƙar tawada bakinsa fari fes, bayan an soke aka huda shi. In ramin ya zarce har ya huda ambulan, babu sauran tambaya. Ramin da ya ɓace guda ɗaya ko biyu ba shi ne alamar jabu ba, don alluran na'urar na karyewa da tsufa.

Rasit ɗin kantuna da bankuna su ma haka. A Birtaniya doka ta wajabta liƙa kan sarki a rasit na fam biyu zuwa sama, kwabo ɗaya da farko, kwabo biyu daga 1920, har aka soke harajin a 1971, kuma kamfanoni da yawa sun riƙa buga sunansu a kai. A Najeriya ma an yi ta liƙa kan sarki a rasit ana soke shi da hatimin kanti ko sa hannun akawu. Waɗannan takardu su ne ke nuna wa ya sayi gyaɗa ko fata, a wane kanti, a nawa, kuma abin takaici ne yadda ake yanke kusurwar rasit don kan sarkin a yar da sauran. Gwajinsu shi ne sunan da kamfanin ke amsawa a shekarar. Bank of British West Africa ya fara a 1894, ya ajiye kalmar British a 1957, bai zama First Bank ba sai 1979. Barclays na Najeriya a 1979 ɗin ya koma Union Bank. Naira da kwabo na yanzu sun fara ranar 1 ga Janairu 1973. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bayan isowarsa ne kantunan Turawa suka yawaita a garin. Rasit ɗin UAC mai shekarar 1925, ko hatimin da ke cewa Royal Niger a kan kan sarki mai hoton Sarki George na Biyar, tarihin kamfanin da kansa ya ƙaryata su.

Yadda ake jan mutum kuwa kusan salo ɗaya ne. Za a fara da labari: kakan mai kayan akawun kamfani ne a Lakwaja, an tsinci kayan a tsohuwar adaka. Labari ba shaida ba ne, ko da gaskiya ne ba ya tabbatar da hatimi. Sai a turo hoto mai duhu, ko hoto mai kyau ƙwarai da aka kwafo daga kundin wani gidan gwanjo na waje. Sa hoton a manhajar neman hoto ta Google ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Ka nemi a ɗauko maka sabon hoto, gaba da baya, kusa da rula, da takardar da aka rubuta kwanan watan yau da hannu. Wanda kayan ba sa hannunsa a nan zai fara kame-kame. Sai gaggawa: wai akwai wani mai saye da ke jira, ka tura kafin alƙalami yau ko ka rasa. Wani lokaci su biyu ne, na biyun ya kira ka a matsayin dillalin wani Bature da zai saya a hannunka ninki uku in ka riga ka mallaka. Da ka biya, lambobin biyu za su mutu tare. Cinikin biri a sama ke nan.

Mafi haɗari shi ne wanda ake kira zuba jari: ka sayi kan sarki, su ajiye maka, su ba ka takarda da alkawarin riba duk wata da kuma saye daga hannunka bayan shekara. An yi wannan a Sifaniya da girma. A watan Mayun 2006 'yan sanda suka rufe kamfanonin Afinsa da Fórum Filatélico, dubban ɗaruruwan mutane suka tashi da takardu a hannu, domin an kimanta kan sarkin da farashin da babu mai saya a kasuwa, kuma da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. Kan sarki ba ya haihuwa a cikin akwati. Farashin da ke kundi ma na kaya lafiyayye ne a hannun babban dillali, wanda za a ba ka in ka tashi sayarwa yakan gaza shi nesa.

Kada kuma wani ya ji kunyar cewa bai iya ganewa da ido ba. Hatiman jabun da aka sani da sunan Madame Joseph, sama da 400, sun yi shekaru suna yawo a kasuwar Landan a jikin kan sarkin ƙasashen mulkin mallaka, kayan aikin suna ajiye yanzu a Royal Philatelic Society da ke Landan. Shi ya sa abu mai tsada ba a sayensa sai da takardar tantancewa daga kwamitin ƙwararru, irin na wannan ƙungiyar ko na BPA Expertising. Takardar gaske tana da lamba da kwanan wata da hoton ainihin kan sarkin a liƙe. Gwada haƙoran da ke hoton da na kan sarkin da ke hannunka ɗaya bayan ɗaya, da inda hatimin ya faɗi, don ana ɗaukar takardar gaske a haɗa ta da wani kan sarkin daban. Sannan ka rubuta wa waɗanda suka bayar ka tambaye su lambar. Takardar da mai sayarwa ya buga da kansa ya sa hannu ba ta da wani nauyi. In babu takarda, sharaɗin ciniki a rubuce shi ne za a aika a tantance, in ya fito jabu a mayar maka da kuɗinka duka. Ƙungiyar West Africa Study Circle, mai fitar da mujallar Cameo, ta daɗe tana nazarin hatiman wannan yanki, kuma nan ne wurin gwada naka da waɗanda aka riga aka tabbatar.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ya adana hirar, da lambar asusun, da shaidar turawa, da hotunan da aka aiko masa, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. In kayan sun iso hannunsa, kada ya wanke, kada ya goge, kada ya ɓanɓare kan sarkin daga takardar da yake kai. Ya sa shi a leda marar ɗanko yadda ya zo, tare da ambulan ɗin da aka aiko shi a ciki, domin shi ma shaida ne.